Kujerun Aro

Shekara goma sha huɗu ina shugabar matan jam'iyya a mazaɓarmu, kuma a tsawon shekarun nan babu buhun shinkafa ko keken ɗinki da ya shigo unguwa da sunan tallafi bai ratsa ta tsakar gidana ba. Ni ke rubuta sunaye. Kansila zai kira ni ya ce, "Shugaba, mutum talatin," in zauna da biro in fitar masa da talatin ɗin kafin la'asar. Ba zan rantse cewa ban taɓa son kai ba. Amma wadda ta wuni a rana tana ɗaga tuta a filin taro ai ba za ka haɗa ta da wadda ta kwanta a ɗaki tana fifita ba. Haka muka taras ana yi, haka muka ci gaba.

Kada ka ji na ce shugaba ka ɗauka wani abin kirki na tara. Zannuwa masu hoton 'yan takara dai ina da su har na rasa inda zan sa. Sai rufin kwano da Kansila ya sa aka yi mana bayan zaɓe na biyu, da siminti da aka malala a ɗakuna, da famfo a tsakar gida wanda aka ja musamman don a ɗauki hotonsa yana buɗewa. In ka leƙa cikin ɗakin kuwa, tabarma ce da katifa da akwatin ƙarfe. Maigidana facin taya yake yi a bakin titi, tun da bayansa ya riƙe kuma rabin wata a kwance yake yinsa. Ba kullum muke ɗora tukunya sau biyu ba, amma in na fita da mayafina da jakata babu mai sanin haka.

Da sabuwar gwamnati ta hau ta fara maganar gyara ban ɗauki abin da zafi ba, don kowace gwamnati da gyaranta take zuwa, daga baya kuma a neme mu. Sai aka yi shelar cewa za a raba firiza mai aiki da hasken rana, guda arba'in a mazaɓarmu, don mata su riƙa sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi. A garin da sai a kwana huɗu ba a ga wuta ba, duk wadda ta samu wannan ta haye. Aka ce wasu ma'aikata za su zo daga babban birni su zaga gidaje ranar Talata. Ni dai tun ranar Asabar na gama rubuta arba'in ɗina, sunana a farko.

"Shugaba," in ji maigidan daga inda yake kwance da rediyo a ƙirji, don haka yake kirana in yana jin tsokana, "waɗannan fa na ji an ce ba takardar sunaye suke karɓa ba. Gida suke dubawa."

"To ai shi ya sa zan gyara gidan," na ce. "Wa ka taɓa gani ya ɗauki firiza sabuwa dal ya kai gidan da ko wurin zama babu? Sai sun ga mutum ya isa ya riƙe kaya."

Ya ce, "Allah ya ba da sa'a," ya juya ya ba ni baya.

Gyaran gida a wurina yana nufin zuwa gidan Auta. Auta ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ce ƙaramarmu. Tana layin bayanmu, a wasu 'yan ɗakuna biyu na haya, ƙasa ba siminti, rufin kuma in ana ruwa sai an jera kwanuka. Mijinta direban babbar mota ne, ya rasu shekara huɗu da suka wuce ya bar ta da 'ya'ya biyar, wanki da guga take yi wa mutane tana ci da su. Abin da ya bar mata na gani da ido, abu uku ne: kujerun kushin saiti ɗaya, da talabijin, da wani firji da ya mutu tun mai shi yana raye, wanda take jera gogaggun kayan mutane a ciki saboda ɓera. An sha ba ta shawarar ta sayar da kujerun ta ƙi, wai da kansa ya ɗauko su daga tafiya. Duk sanda manyan baƙi za su zo gidana su nake arowa, har kujerun sun san hanya.

Ranar Litinin na same ta a rumfa tana hura gawayin guga.

"Auta, kujeru zan aiko a ɗauka. Wannan karon har da talabijin da firjin."

"Firjin kuma, Yaya? Ai kin san ba ya aiki."

"Wa ya ce miki buɗewa za su yi? A gani dai."

Ta yi dariya. "To mu kuma a ina za mu zauna?"

"Inda mutane suke zama kafin a ƙera kujera. Kwana ɗaya ne kawai. Kuma na sa sunanki, ke ce ta talatin da takwas, kada ki ce ban yi zumunci ba, ke da ko taro ɗaya ba ki taɓa zuwar mana ba."

"Allah ya saka da alheri, Yaya," ta ce, ta tashi ta fara kwashe kayan mutane daga cikin firjin.

Sawu biyu mai amalanke ya yi, duk matan layin suna bakin ƙofa suna kallo. Na goge kujerun, na rufa wa talabijin ƙyalle mai ado, na ɗora furen roba a kan firjin. Da na ja baya na dubi ɗakin, wallahi ni kaina sai da na ji ina ganin girman mai gidan.

Mutum biyu ne suka shigo wurina da hantsin Talata, wani siririn mutum da wata malama mai tabarau, riƙe da wata na'ura mai kamar babbar waya. Na kawo musu lemo mai sanyi, suka ce sun gode, ba sa shan komai a bakin aiki. Na miƙa takardar sunayena, malamar ko taɓa ta ba ta yi ba.

"Mama, ajiye takardarki, ba mu da izinin karɓa. Tambayoyi kawai za mu yi miki, mu ɗan duba gidan."

Na ce a raina, sabbin shiga ne, za su koya. Ta tambayi mu nawa ne a gidan, ta ɗaga kai ta dubi rufi, ta dubi ƙasa, tana dannawa.

"Famfon nan yana aiki?"

"Sosai ma. Maƙwabta ma nan suke ɗiba."

"Kujerun nan da talabijin naku ne?"

"To na wa za su zama, a ɗakina?"

"Firji fa?"

"Ga shi kina gani."

"Sau nawa kuke cin abinci a rana?"

"Uku," na ce, "wani lokacin har da ƙari."

Daga ƙuryar ɗaki maigidan ya yi wani dogon tari, na ɗaga murya na ce masa sannu. Da za su tafi na raka su har bakin titi ina nuna musu gidajen da ya kamata su shiga da waɗanda ba sai sun wahalar da kansu ba. Suka saurare ni da ladabi, sannan suka shiga kowane gida.

Bayan mako uku aka liƙa sunaye a bangon makarantar firamare. Na sa mayafina mai kyau na tafi, mata suna buɗa mini hanya kamar yadda suka saba. Na karanta daga sama har ƙasa, na sake daga ƙasa har sama, na bi da yatsa a karo na uku. Babu sunana. Sunan Auta kuwa yana nan, na goma sha bakwai.

Wani malamin makarantar ne ya tsaya yana yi wa mutane bayani. Ya ce na'urar maki take ba kowane gida: rufin kwano maki, siminti maki, famfo, kujeru, talabijin, firji, duk maki ne. Gidajen da makinsu ya fi ƙanƙanta su ne suka fi bukata, su ake ba. Ban taɓa jin jarrabawar da na ƙasa ke cinyewa ba sai ranar. Ina nan tsaye, sai mai kitson layin su Auta ta matso ta ce, "Shugaba, ai ke na'ura ta ce kin fi ƙarfin tallafi. Allah ya ƙara arziki." Mata suka kwashe da dariya, ni ma na buɗe haƙora na taya su, don babu yadda zan yi.

Daga nan gidan Auta na wuce. Kujerun sun koma wurinsu tun tuni, a kan ɗaya ma na zauna.

"Me kika gaya wa mutanen nan?"

"Gaskiya na gaya musu, Yaya. Na ce ina da kujeru da talabijin da mataccen firji, suna gidan yayata. Mutumin ya ce su abin da suka gani da ido suke rubutawa. A kan bokiti ma ya zauna." Ta dube ni, murnarta ta ɗan ja baya. "Yaya, ki yi haƙuri. Wallahi ban san haka abin yake ba."

"Haƙurin me? Ai abin naki nawa ne. Na taya ki murna."

Na faɗi haka, kuma a lokacin na ɗauka da gaske nake.

Ranar da aka kawo firizar ban je ba, na ce kaina ke ciwo. Amma daga tsakar gidana ina hango mutanen da suka hau suna kafa farantin sola a kan wani ƙarfe, don rufin Auta ba zai ɗauka ba. Kafin a yi mako biyu layin nan ya zama kasuwa. Masu sayar da lemo da masu kifi suna zuwa da kuloli tun da safe, mata suna turo kwanuka. Auta ta rage karɓar wanki. Hannayenta da sabulu ya cinye suka fara warkewa, 'yarta ta biyu da ta bar makaranta ta koma, ita kanta ta ɗan yi kumatu. Na ga duk wannan, don ina kallo fiye da yadda ya kamata.

Hassada ce, na san sunanta, ba sai wani malami ya gaya mini ba. Da wata bare ce ta samu da na yi kwana biyu ina tsaki na manta. Amma Auta! Yarinyar da na goya, wadda ko sunan ɗan takararmu ba ta iya faɗa daidai ba. Ni na sha rana shekara goma sha huɗu, na yi kururuwa har muryata ta dushe, na yi faɗa da ƙawayena saboda jam'iyya, ita kuma tana zaune a gida arziki ya je ya same ta. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ni da kaina na je na kwashe mata ɗaki, ni na kira mai amalanke, ni na tsaya a kansa kada ya karce kujerun. Da ban je ba, da su na'urar ta gani a wurinta. Ko'ina na juya maganar a raina, sai in ga firizar nan tawa ce aka kai gidan da ba nata ba.

Matan da da suke sallama a ƙofata tun da sassafe, su durƙusa su ce Shugaba a tuna da mu, yanzu sai su gaishe ni a tsaye su wuce. Wata rana a kasuwa na ji wata tana nuna ni wa baƙuwarta tana cewa, "Waccan ai yayar mai ƙanƙara ce." Na dawo gida ban sayi abin da ya kai ni ba.

Kullum da azahar Auta takan kawo mana ƙanƙara cikin kwano da kanta, ta ce a sa wa maigidan a ruwa, sauran a ɗaure a tsumma a ɗora masa a baya. Shi kuwa har jiranta yake yi. Ya kurɓa ya lumshe ido ya ce, "Allah ya yi wa Auta albarka. Shugaba, ba za ki taɓa ba?" In ce haƙorina ba ya son sanyi. Ni da nake tauna ƙanƙara a motar kamfen kamar gyaɗa. Sadaka nake ganin ta kawo mini, kuma duk murmushin da ta yi sai in ga kamar da biyu ta yi shi, alhali na san Auta ba ta iya wannan ba.

Da abin ya ishe ni na shirya na tafi gidan Kansila. Falon da da sai ka yi sa'a za ka samu wurin tsayuwa, ranar shi kaɗai na taras yana kallon labarai, ya miƙe ƙafa a kan tebur. Na gaishe shi, na kwashe labarin duka na gaya masa.

"Ranka ya daɗe, ka sa baki. Kai ka san wahalar da na sha."

"Shugaba, wane bakin? Ni kaina a bango na karanta sunayen kamar kowa. Ƙanwar matata ma ba ta samu ba, har yau ba a yi mini magana a gidan nan." Ya sauke ƙafafunsa, ya matso. "Amma tsaya. Kika ce kayan na ƙanwarki ne, aka rubuta su a kanki?"

"Haka ne."

"To ai wannan kuskure ne a rajistarsu, kuma irinsa muke nema. Sun buɗe teburin ƙorafi a ofishin mazaɓa. Ki je ki shigar. Duk kuskure ɗaya da aka kama, hujja ce a hannunmu cewa na'ura ba ta san talaka ba, mu muka san shi. In muka tara da yawa dole su dawo mana da rabon. Ranar da ya dawo kuwa, ke ce ta farko."

"Ita Auta fa?"

Ya watsa hannu. "Wannan kuma tsakaninku ne, 'yan'uwa. Ni gyara kawai na ce a yi."

Na san mutumin nan kamar yunwar cikina. Na san "ke ce ta farko" ɗinsa, na ji ya faɗa wa mata sun fi ɗari, wasu ma ni na kai masa su. Ban fito daga gidansa na yarda da shi ba. Abin da na samu a wurinsa shi ne wanda zai ce mini je ki, kuma shi na je nema.

Kwana biyu ina juyi. A na uku da safe na ɗauko mayafi, maigidan ya bi ni da ido.

"Ina zuwa?"

"Asibiti, dubiya."

"To. In hanya ta bi da ke ta ofishin mazaɓa, ki tuna 'ya'ya biyar ne."

"Wa ya ce maka can za ni?"

Na yafa mayafina na fice.

Ofishin ɗaki ɗaya ne, da benci a waje da fanka da ba ta juyawa. Malamar nan mai tabarau ce a teburin, ta kuwa gane ni.

"Mama mai furen roba. Sannu da zuwa, zauna."

Na zauna na ce an yi kuskure a gidana. Kujerun da talabijin da firjin ba nawa ba ne, aro na yi don in karɓi baƙi da mutunci. Abinci kuma ba sau uku muke ci ba. Faɗin wannan na ƙarshen ya fi komai yi mini nauyi, sai da na sunkuyar da kai. Ba ta yi dariya ba, ta rubuta.

"Na wa ne kayan?"

Ta ajiye biro ta dube ni.

"Mama, bari in yi miki bayani kafin ki amsa. Ba zan iya cire kaya daga gidanki in bar su a iska ba. Duk gidan da kika ambata za a je a duba, in an same su a can za a ɗora su a kan makin gidan. In gidan yana cikin arba'in ɗin nan, yana iya fita. Kuma ban yi miki alkawarin ke za ki shiga ba, na'ura ce za ta sake lissafi. Kin fahimta?"

"Za a faɗi wanda ya kawo ƙorafin?"

"A'a. Doka ta hana. Daga ni sai ke."

Da ta ce za a faɗa, da na tashi na tafi, wannan na tabbata. Kunyar mutane ce kawai ta rage mini, ita kuma ta ɗauke mini ita. Na tuna hannayen Auta, na tuna 'yarta cikin kayan makaranta, ba wai ban tuna ba. Amma sai muryar matar kasuwar nan ta dawo mini, yayar mai ƙanƙara. Na faɗi sunan ƙanwata da layinsu da lambar gidan, har da kwatancen bishiyar da ke ƙofar. Ta miƙo takarda na sa hannu, irin sa hannun nan nawa mai lanƙwasa da na saba yi a ƙasan takardun sunaye.

Ranar da azahar Auta ta kawo ƙanƙara kamar kullum. Na karɓa na ce an gode.

Bayan kwana goma suka dawo, suka shiga gidana suka ga tabarma da katifa, suka shiga gidan Auta suka ga kujeru. Ita da kanta ta buɗe musu firjin ta nuna musu kayan guga a ciki, suka ce matacce ba ya cikin lissafi, amma kujerun da talabijin suna ciki. Da aka liƙa sabuwar takarda na je da yamma, lokacin da babu mutane. Auta ta sauka zuwa ta arba'in da huɗu. Ni kuma, bayan an cire mini duk kayan aro, na tashi ta sittin da uku. Rufin kwanon Kansila da simintinsa da famfonsa sun riƙe makina a sama, ko da na kwana da yunwa a ƙarƙashinsu. Wadda ta shiga gurbin Auta matar wani maigadi ce a can ƙarshen mazaɓa, wadda a shekara goma sha huɗu ban taɓa rubuta sunanta ba saboda mijinta ɗan wata jam'iyya ne.

Na koma wurin Kansila, aka ce ya yi tafiya. Daga baya na ji ƙorafi shida kacal suka samu a duk mazaɓar, kuma gwamnati ta ce wannan ma shaida ce cewa tsarin yana gyara kansa.

Da rana tsaka suka zo ɗaukar firizar. Wannan karon na je, don rashin zuwana zai zama abin magana. Auta ta kwashe ƙanƙarar da ke ciki tana rarraba wa maƙwabta kyauta kafin ta narke. Da ta gama ta ɗauko tsumma ta goge cikin firizar tas, ta goge murfin, ta naɗe wayar da kyau, ta ce wa masu ɗauka su yi a hankali da ƙafar baya, tana ɗan girgiɗi. 'Ya'yanta suna tsaye jikin bango suna kallo. Ba ta yi kuka a gaban mutane ba.

Sai da la'asar ta shigo gidana. Ko sallama ba ta ƙarasa ba ta zube a kan tabarma, ta kifa kanta a cinyata kamar lokacin da take ƙarama, ta yi ta kuka har zanena ya jiƙe. Na ɗora hannu a bayanta ina bubbugawa, ina cewa ta yi haƙuri, Allah zai kawo wata. Maigidan yana ƙuryar ɗaki, ko motsinsa ban ji ba.

"Yaya, ba firizar ce ta fi yi mini ciwo ba," ta ce da ta samu numfashi. "In doka ta ce ban cancanta ba, shi ke nan, waccan matar ma na ji tana cikin wahala. Amma wani ne ya tashi takanas ya je ya kai sunana. Wani wanda ya ga ana fitar da kujerun nan, wanda nake gaisawa da shi kullum, wata ƙila ma ya sha ƙanƙarata. Me na yi masa? Marayun nan me suka yi masa?"

"Mutane sai Allah," na ce.

"Ni mai kitso nake zargi. Tun ranar da aka kawo firizar take yi mini magana a karkace."

"Kada ki ɗauki alhakin wadda ba ki da tabbas a kanta."

"Shi ya sa na zo wurinki." Ta ɗago, ta riƙe hannayena duka biyu. "Yaya, ke kin san kowa a mazaɓar nan, babu ofishin da ba ki da mutum a ciki. Don Allah ki gano mini ko wane ne. Ba faɗa zan yi ba, ba zan ce masa komai ba. So nake kawai in san wanda zan daina buɗe wa ƙofata. Ba ni da wanda zan roƙa sai ke."

Bakina ya buɗe, kuma na rantse maganar ta zo har kan harshena. Sai na dubi yadda take kallona, babu ko ɗigon shakka a idonta, na ce mata to, zan bincika.

Yau wata biyu ke nan. Ta koma wanki, hannayen sun sake tsagewa, 'yar ta biyu tana gida tana taya ta. Ta daina gaisawa da mai kitso, shekara goma suna maƙwabtaka. Ni kuwa ta ƙara manne mini, ba ta yanke shawarar komai sai ta zo ta ji ta bakina. Jiya ma ta biyo da ƙullin wankin mutane a ka, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Yaya, har yanzu ba labari?"

Na ce mata har yanzu.